Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Tsokaci a Kan Hujjar MAPK a Nazarin Magungunan Gargajiya

Gabatarwa

A shekarun da na yi ina duba kundayen digiri a Kuala Lumpur, waɗanda wasunsu na ɗalibanmu ne daga Kano da Sakkwato da Katsina, salon hujja guda ya yawaita. A tatso ruwan zogale ko sabara, a zuba wa ƙwayoyin sankara da aka raina a faranti, a ga aikin furotin ERK ya ragu, sai a kammala da cewa tsiron yana da alamar maganin cutar daji. Wannan tsokaci yana nuna cewa hujjar ba ta kai nauyin hukuncin da ake ɗora mata ba.

Yadda Saƙon Yake Tafiya

Ray da Sturgill ne suka fara bayyana MAPK a 1987 a Jami'ar Bajiniya ta Amurka. Idan sinadarin girma ya sauka a fatar ƙwayar halitta, RAS kan ta da RAF, RAF ya liƙa wa MEK fosfet, MEK ya liƙa wa ERK, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya isar da umarni. Littattafan koyarwa kan zana wannan a miƙaƙƙen layi, daga nan ne kuskuren ya samo tushe.

Inda Hujjar Ta Gaza

Na farko, ma'anar saƙon tana tattare da tsawon lokacinsa. Kamar yadda Chris Marshall ya fayyace a 1995, a ƙwayoyin ɓera na PC12, ERK da ya tashi na ɗan lokaci kan sa su hayayyafa, wanda ya daɗe kuwa kan sa su daina rabuwa su fitar da rassa irin na jijiya. Kundin da ya auna ERK sau ɗaya tak bai faɗa mana wanne ya gani ba.

Na biyu, gaɓar jiki tana sauya sakamako. A 2002 aka gano a Cibiyar Sanger ta Ingila cewa BRAF ya gurɓata a kaso mai yawa na sankarar fata ta melanoma. Maganin vemurafenib, wanda Amurka ta amince da shi a 2011, ya rage ƙarin kusan rabin waɗanda aka gwada shi a kansu. Amma a sankarar babban hanji mai irin wannan gurɓatar, kimanin kashi 5 cikin 100 ne suka amfana. Rukunin René Bernards a Amsterdam ya bayyana dalili a 2012: da an toshe BRAF, sai EGFR ya farfaɗo ya ci gaba da aika saƙon girma. Wannan darasi ya shafi Malesiya kai tsaye, domin sankarar babban hanji tana sahun gaba a tsakanin mazanta.

Na uku, kusan duk abin da ya takura wa ƙwayar halitta, ko zafi ko gishiri ko guba, yana motsa p38 da JNK, 'yan'uwan ERK. Motsinsu na iya zama shaidar wahala kawai.

Kammalawa

Ba raina tsirrai ake yi ba. Daga furen Madagaska aka samu vincristine da ake yi wa yara masu sankarar jini magani da shi. Abin da ake nema shi ne a ware sinadarin da ke aiki, a auna a lokuta daban-daban, a gwada a lafiyayyun ƙwayoyi, kafin a ambaci kalmar magani. Jimlar da aka rubuta da gaggawa a Kuala Lumpur tana iya komawa bakin mai talla da lasifika a kasuwar Kurmi, ta sa mace mai ƙari a mama ta jinkirta zuwa asibiti har lokaci ya ƙure. Alhakin wannan yana wuyan marubuci da malamin da ya sa wa kundin hannu.