Masu Awon Sama da Tsakiyar da Aka Nema Aka Rasa

Ido ba ya ganin zurfin sama. Duk wanda ya ɗaga kai da dare, taurari yake gani jere a fuska ɗaya, na kusa da na nesa kafaɗa da kafaɗa, shi kuma yana tsaye a tsakiyarsu. Shi ya sa tambayar ko sararin samaniya yana da tsakiya ta daɗe a bakin masu muhawara, kowa da hujjarsa, babu wanda ya kai wani ƙasa. Ba ta sami amsa mai riƙe ruwa ba sai da ta faɗa hannun masu awo, mutanen da sana'arsu ita ce su dubi ɗigon haske su ce nisansa kaza ne, gudunsa kaza. Gwanintar nan ce nake ganin ba a ba ta haƙƙinta, domin ana yawan ambaton sakamakon a manta da hannun da ya fitar da shi.

A 1785 William Herschel, a Ingila, ya bi hanyar da ta fi kusa. Ya riƙa juya madubin hangen nesansa sashe-sashe yana ƙirga taurari. Da ya ga yawansu kusan ɗaya ne ta kowane ɓangare na farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, sai ya ajiye Rana kusa da tsakiya. Ƙirgarsa ba ta da aibu. Ƙura ce ta yaudare shi, wadda ke shimfiɗe tsakanin taurari tana tare hasken na nesa. Mutumin da hazo ya rufe a fili iyakar ganinsa gabas ita ce iyakar ganinsa yamma, don haka ko a bakin gari yake tsaye, a tsakiya zai ga kansa. Fiye da shekara ɗari masana suna cikin wannan hazo, don ba su da abin auna nisa mai tsawo haka.

Wadda ta samar da ma'aunin mace ce, Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka. Ba a ba mata damar zama gaban madubin hangen nesa a lokacin. Aikinsu duba farantan gilashi ne da aka ɗauki hoton sama a kansu, wasu daga tashar cibiyar da ke Arequipa a ƙasar Peru. A kan faranti kowane tauraro baƙin ɗigo ne, dubbai a wuri ɗan kaɗan. Dabararta ita ce ta ɗauki faranti biyu na sashe ɗaya da aka ɗauka a darare daban, ɗaya mai baƙaƙen ɗigo, ɗaya an juya shi ya koma mai farare, ta ɗora wannan a kan wancan. Tauraron da haskensa bai canza ba, baƙin sai ya rufe farin daidai. Wanda ya ƙaru ko ya ragu kuwa sai gefensa ya leƙo. Haka ta bi su da gilashin ƙara girma, ga kunne ya yi mata nauyi, ga albashi na 'yan sulalla a awa, har a 1908 ta fitar da jerin taurari 1,777 masu sauya haske a cikin gajimaren taurari biyu da ake kira da sunan Magellan.

Haƙuri ne ya kai ta nan, amma abin da ya biyo baya kaifin hankali ne. A 1912 ta ware 25 daga cikinsu, irin waɗanda haskensu ke hawa da sauka a kan ƙa'ida, ta lura cewa duk wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye ɗaya shi ya fi haske. Wani zai ce to, wataƙila ya fi kusa ne. A nan ta kama zaren: dukkansu a ƙaramin gajimaren suke, nisansu daga gare mu kusan ɗaya, saboda haka bambancin haskensu na gaske ne. Ma'ana, idan ka ƙirga kwanakin da irin wannan tauraro ke ɗauka, ka san ainihin ƙarfin haskensa. Ka gwada da ɗan abin da ya iso idonka, nisa ya fito, tunda haske idan nisa ya ninka biyu kashi ɗaya cikin huɗu ke saura. Da agogo da kalanda aka auna abin da ƙafa ba za ta taɓa takawa ba.

Nan da nan ma'aunin ya fara aiki. A 1918 Harlow Shapley ya auna nisan dunƙule-dunƙulen taurari da ke kewaye da birnin taurarinmu, wato galaksi, ya tarar sun taru ne ta wajen burujin Ƙausu, ba kewaye da mu ba. Can tsakiyar birnin take. Lissafin yau ya ce tsakaninmu da ita tafiyar haske ce ta shekara kusan 26,000, haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa. A Oktoban 1923 Edwin Hubble, da madubi mai faɗin inci 100 na kan Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya tsinci tauraro irin na Leavitt a cikin Andromeda. Awo ya nuna Andromeda birni ne mai zaman kansa, can waje da namu. Leavitt ba ta ga wannan rana ba, ta rasu a 1921.

Saura gudu. Idan aka ratsa hasken tauraro ta gilashi mai raba shi zuwa launukan bakan gizo, akwai siraran baƙaƙen layuka a ciki, kowane sinadari da nasa wurin. Abin da ke nisantar mu layukansa kan gusa wajen ja, mai tunkarar mu kuma wajen shuɗi, kuma girman gusawar shi ne gudun. Vesto Slipher ya fara wannan awo kan biranen taurari a Arizona a 1912, ya ga yawancinsu baya suke ba mu. Amma wanda ya kai sana'ar ƙololuwa shi ne Milton Humason, kuma a ganina duk cikin mutanen nan babu mai ban sha'awa kamarsa. Tun yana yaro ya bar makaranta. Da alfadarai yake hawa da kaya kan Dutsen Wilson lokacin da ake ginin wurin, a 1917 aka ɗauke shi mai shara, bayan shekara biyu aka mayar da shi cikin masu duban taurari, don an ga hannunsa ya fi na masu digiri natsuwa.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Rufin ɗakin madubin a buɗe yake duk dare, ba a kunna abin ɗumama wuri don iska mai ɗumi tana karkaɗa hoto. Humason yana zaune a kan dakali can sama cikin sanyi da duhu, ido a manne da ƙaramin madubi, yana riƙe tauraro guda daidai mahaɗar siraran zare biyu. Duniya na juyawa, na'ura na bin ta, amma ba ta rasa ɗan zamewa, shi kuma da maɓalli a hannu yana maido ta. Hasken birnin da yake farauta ya yi rauni ƙwarai, dare ɗaya ba ya isa ya kama faranti. Da asuba sai ya rufe, gobe da dare ya dawo da madubin daidai inda ya tsaya ya buɗe, wani lokaci darare da dama a jere. Ladan duk wannan wahala ɗan zane ne da bai kai faɗin farce ba, wanda za a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma a nemo layuka biyu na sinadarin kalsiyam. A 1929 ya auna wani birni mai lamba NGC 7619 yana gudun kilomita 3,779 a daƙiƙa, ya ninka mafi gudun da aka sani. Kafin ya ajiye aiki ya auna ɗaruruwa.

Da Hubble ya haɗa nisa da gudu a 1929, sai layi ya fito a miƙe: mai nisa ninki biyu, gudunsa ninki biyu. Wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga shi hango haka ta lissafi a 1927. To ga tarkon Herschel ya sake ɗanuwa, wannan karon ya fi kyau. Kowa gudunmu yake yi ta kowace fuska, ashe mu ne tsakiya ke nan?

Miƙewar layin ita ce amsar. A ɗauki birane huɗu a jere, tsakanin kowane da na kusa da shi mudu ɗaya na nisa, sannan sarari ya buɗe kowace tazara ta ninka. Mazaunin na farko zai ga na biyu ya matsa da ɗaya, na uku da biyu, na huɗu da uku. Koma na uku ka tsaya. Na biyu da na huɗu sun matsa da ɗaya, na farko da biyu, kai kuwa ko motsi ba ka yi ba. Doka ɗaya ce kowa ke gani daga ƙofar gidansa. Da a ce gudun bai bi nisa daidai wa daida ba, da mazauna wurare daban sun ga abubuwa daban, da kuma an iya nuna wuri a ce ga inda aka fi kowa. Shi ya sa kowane faranti na Humason yake da nauyi: yana ƙara tsawon layin, layin kuma ya ƙi lanƙwasa.

Mutane kan ɗauka cewa farkon sararin samaniya, shekara biliyan 13.8 da suka wuce, fashewa ce a wani wuri guda da tarkace suka watsu cikin fili. Da haka ne, da hasken farkon ta fuska ɗaya zai zo. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da labarin wata 'yar shuwa a eriyarsu a New Jersey da ta ƙi ɓacewa duk inda suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki sun kankare, tana nan. Ragowar zafin farko ce, ta huce zuwa digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyi, kuma idan aka cire tasirin tafiyar da mu kanmu muke yi, bambancinta daga wannan kusurwa zuwa waccan kusan kashi ɗaya ne cikin 100,000. Ta ko'ina take zuwa domin a ko'ina abin ya faru, har da nan inda muke zaune.

Akwai dai tsakiya guda da ba a musu, ta abin da muke iya gani. Haske na da iyakar gudu, zamani na da farko, don haka ganinmu ya tsaya a tazarar da yau ta kai tafiyar haske ta shekara biliyan 46 ta kowace fuska. Mu ne a tsakiyar wannan da'ira, mazaunin Andromeda kuma yana tsakiyar tasa.

Masu awon ba su tsira daga kuskure ba, kuma gyaran ma daga cikinsu yake fitowa. Hubble ya ba Andromeda nisan shekara kusan 900,000, alhali miliyan 2.5 ne, sai a 1952 Walter Baade ya nuna cewa taurarin Leavitt iri biyu ne aka cakuɗa. Gudun buɗewar da Hubble ya sa 500 a ma'auninsu ya sauko kusa da 70. Yanzu rigimar a kan ɗan abin da ya rage take: masu lissafi daga ragowar zafin farko suna samun wajen 67, masu bin taurari masu sauya haske suna samun wajen 73. An juya madubin James Webb, wanda aka harba a Disamban 2021, kan waɗannan taurari don a ga ko cunkoson maƙwabtansu ne ke ɓata awon, sakamakon ya zo daidai da na baya, kowane ɓangare kuma yana nan a kan lambarsa.