Ra'ayin Masu Kallo Bisa Majigin Dariya na Zamanin Yaƙin Hitila

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, al'adar gidajen sinima na ƙasar Amurka ita ce, kafin a sa babban wasa sai a fara nuna wani ɗan gajeren majigi na ban dariya, wanda tsawonsa bai cika wuce minti 7 ba. 'Yan wasan cikinsa ba mutane ba ne, zane ne da hannu. Na'ura ta kan wuce da hoto 24 cikin kowane sakan, saboda haka sai masu zane sun yi dubban hotuna kafin a ga zomo ko agwagwa na motsi kamar mai rai. Manyan gidajen wannan sana'a su ne na Walt Disney, da Warner Bros, da MGM.

Da Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor ran 7 ga Disamba 1941, sai ƙasar ta shiga yaƙi, waɗannan dabbobi na zane kuwa aka sa su aikin soja. A 1942 Ma'aikatar Baitulmali ta sa Disney ya yi The New Spirit, inda agwagwan nan Donald Duck ya ke nuna wa jama'a amfanin biyan haraji. Daga 1943 kuma aka riƙa yi wa sojoji majigin wani wawan kurtu, Private Snafu, wanda kullum ya kan yi abin da aka hana, ya sha wuya, domin masu kallo su yi hankali.

Yau fiye da shekara 80 ke nan, amma masu kallo ba su daina gardama a kan waɗannan hotuna ba. Ra'ayinsu ya rabu uku. Waɗansu sun ce wasa ne kawai, a bar mutane su yi dariyarsu. Waɗansu sun ce akwai cin mutunci a ciki, gara a kulle su a manta. Na uku kuwa sun ce a nuna su, amma a haɗa da bayani. Ba a iya raba gardamar nan sai an dubi hotunan ɗaya ɗaya, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

A fara da The Yankee Doodle Mouse na 1943, aikin William Hanna da Joseph Barbera. Kyanwa Tom da ɓera Jerry ne su ke yaƙi cikin ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, makamansu ƙwai da kayan tartsatsin wuta na wasan yara.  Ya ci kyautar Oscar, shi ne na fari cikin bakwai da Tom da Jerry suka samu. A nan masu cewa wasa ne kawai sun yi gaskiya. Ƙaramin da ya ka da babba da dabara abin dariya ne ko'ina, kamar yadda yara ke ƙyalƙyata in Gizo ya yi wa Kura wayo.

Sai Der Fuehrer's Face na Disney, wanda ya fito a farkon 1943, shi ma ya ci Oscar. Donald ya yi mafarki wai yana ƙasar Hitila. Abin karin kumallonsa gurasa ce mai tauri wadda sai da zarto, da ƙwayar kofi guda ɗaya da ya kan tsoma cikin ruwa ya ɓoye. A ma'aikata yana ɗaura wa harsasai kai, hoton Hitila na biyowa bi da bi, ko wanne sai ya ɗaga masa hannu, har hankalinsa ya juya. Wannan zambo ne, amma zambon da ya sami wurin zama, domin abin da a ke yi wa ba'a shi ne mulkin zalunci, wanda ya mai da talaka kamar ƙarfen inji. Duk da haka akwai tabo a jikinsa, don an zana Bajapanen da ke cikin 'yan badujala da manyan haƙora da launin rawaya.

Wannan tabo shi ya cika Bugs Bunny Nips the Nips na 1944. Zomon nan Bugs ya faɗa wani tsibiri, yana raba wa sojan Japan ƙanƙara mai zaƙi da gurneti a ciki, yana kiransu da sunayen banza saboda idanunsu da kamanninsu. Masu kare shi su kan ce ai yaƙi a ke yi, ba a yi wa abokin gaba kirari. Amma sun manta da abu guda. A 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan ta tsare a sansani, mafi yawansu kuwa haifaffun Amurka ne. Yaron da ke bayan waya a sansanin nan kamanninsa a ke yi wa dariya, shi kuwa bai harbi kowa ba. A 1995, bayan ƙorafin Amurkawa 'yan asalin Japan, aka janye kaset ɗin da ke ɗauke da hoton daga kasuwa.

Mafi wuyar hukunci shi ne Coal Black and de Sebben Dwarfs na Bob Clampett, 1943. Duk 'yan wasan baƙaƙen fata ne, kiɗansa mai daɗi, motsinsa mai sauri, amma an zana su da leɓɓa ƙatta da idanu zuru-zuru, alhali a lokacin nan baƙaƙen Amurka na cikin kakin soja. Ƙungiyar NAACP ta yi kukan abin tun a shekarar. A 1968 kamfanin United Artists ya hana nuna shi a talabijin, tare da waɗansu goma irinsa. Amma a 1994, da aka tambayi ma'aikatan sana'ar zane su zaɓi 50 mafiya kyau, sai ya zo na 21, gaban na Donald da Hitila wanda ya zo na 22. Su gwanintar hannu suka duba, waɗanda aka zana kuwa raini suka gani, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba.

To, ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne a tambaya, me a ke yi wa dariya? In aikin mutum ne, kamar girman kai ko zalunci ko wauta, ba'a ta halatta, domin yana da ikon ya bari. In halittarsa ce, ko launinsa, ko harshen uwarsa, ba shi da yadda zai yi, dariyar kuwa ba ta gyara kome sai dai ta koya wa yara raini. Ɗan kama ya kan kwaikwayi mai rowa a kasuwa kowa ya yi dariya, har mai rowan, amma ran da ya kwaikwayi gurgu sai dattawa su tsawata masa.

Da wannan ma'auni, masu cewa duk wasa ne sun yi sakaci. Masu cewa a kulle duka kuma sun wuce gona da iri, don al'ummar da ta ɓoye shaidar laifinta tana iya wayar gari ta ce ba a taɓa yi ba. Ra'ayi na uku ya fi kusa da daidai, shi ne kuma kamfanonin suka bi daga baya. A 2004 Disney ya fito da hotunansa na yaƙi a faifai, da Leonard Maltin yana bayani kafin a fara, a 2005 kuma Warner ya sa Whoopi Goldberg ta yi irin wannan gargaɗi.

Sai dai gargaɗin minti biyu ba ya isar yaro ɗan shekara bakwai. Irin na Tom da Jerry da aka ambata a bar wa yara su more. Na Donald da Hitila a kalla tare da babba wanda ya san labarin yaƙin. Sauran biyun kuwa na ɗalibai ne da manya, waɗanda za su iya yaba hannun mai zane su kuma faɗi laifinsa a zama ɗaya.