Tsakanin Birni da Ƙauye Akwai Rano

Wata ƙanwarmu da ke zaune a Kibiya tana rubuta labari a waya, tana sakin shafi ɗaya a wani zauren WhatsApp kullum bayan isha'i. Alƙalaminta na da zaƙi. Ta iya tsara zance, ta kuma san inda za ta yanke shafi don masu karatu su kwana da ɗokin na gobe. Tauraruwar labarin a Maitama take zaune, a Abuja, saurayinta kuwa yau yana Dubai gobe yana Landan. Ita marubuciyar ba ta taɓa kwana a Abuja ba. Da muka tambaye ta abin da ya hana ta kafa labarin a garinsu, sai ta yi dariya ta ce, “Haba Yaya, wa zai karanta labarin Kibiya? Me ma yake faruwa a Kibiya?”

Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Duk wanda ya saba bin littattafan da ake saki a Wattpad da ArewaBooks da zaurukan Facebook ya san cewa wurare biyu ne suka mamaye ƙagaggun labaranmu. Akwai birni, mai ƙaton get da maigadi da falo uku. Akwai kuma ƙauye, wanda sau da yawa ko suna ba a ba shi, sai rafi da kishiyar uwa da yarinya kyakkyawa cikin tsumma tana jiran motar da za ta lalace a bakin hanya. Hanyar da ta haɗa wuraren biyu gaba kawai take yi: daga ƙauye zuwa birni.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan kuskure. Idan ka tsara fom ka ba mutum zaɓi biyu kacal, alhali halin da yake ciki na uku ne, to ka tilasta masa ɗayan biyu: ko ya yi ƙarya, ko ya rufe shafin ya tafi. Haka adabinmu ya yi wa mutanen Rano da Kibiya da Gaya da Ƙaraye da Wudil. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai ake lissafawa a ƙwaryar birni da kewayenta. Hedikwatocin sauran 36 ɗin, garuruwa masu asibiti da kotu da sakandare da fadar hakimi da tashar mota, ba su da gurbi a fom ɗin.

Wannan rabo biyu yana da asali, kuma asalin ba abin raini ba ne. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a 1978, gargaɗi ne ga saurayin da ke barin gida don ruɗin birni, a lokacin da kuɗin fetur ke janye matasa daga gona. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, birni ne mafakar yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, a can ta yi ilimi ta zama mutum. Kowanne daga cikinsu yana da dalilin da ya sa ya kafa birni da ƙauye suna fuskantar juna. Abin da ya faru daga baya shi ne an gaji ƙwarangwal ɗin an bar dalilin. Yanzu ƙauye ya zama wurin da ake ɗauko tauraruwa, birni kuma wurin da ake saka mata da alheri, shi ke nan.

To a ina za a ajiye Rano? Gari ne da ke cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram. A rabon sana'o'in da tarihin baka ya kawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Sarkinta ana masa kirari da Autan Bawo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Rano mutum sama da dubu 140, Kibiya kuma sama da dubu 130, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Su biyun da Bunkure ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja. Wanda ya kira wannan wuri ƙauye bai san shi ba, wanda ya kira shi birni kuma ya yi ƙari.

Sai mu dawo kan tambayar ƙanwarmu, me yake faruwa a can. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa sababbin masarautu huɗu, Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, aka ɗaga Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila daga matsayin hakimi a ƙarƙashin Kano zuwa sarki mai daraja ta ɗaya. A watan Nuwamba kotu ta soke dokar, a Disamba majalisa ta sake yin wata. A Mayun 2020 Allah ya yi wa sarkin rasuwa, aka naɗa Kabiru Muhammad Inuwa, wanda kafin nan shi ne hakimin Kibiya. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun. Bayan wata biyu aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku, Rano da Bunkure da Kibiya, aka naɗa Muhammad Isa Umar.

Ba muna nan don mu ce wace gwamnati ce ta yi daidai ba, an yi wannan muhawara a rediyo har an gaji. Abin da ya dame mu shi ne kusan duk abin da muka karanta kan wannan dambarwa daga cikin ganuwar Kano aka kalle shi: wa ke Gidan Rumfa, wa ke gidan Nasarawa, me alƙali ya ce. Amma cikin shekara biyar an sauya wa wani gari matsayi sau da dama, kuma akwai mutane a cikinsa. Hakiman da suka saba kai dawakinsu Kano hawan Sallah sun koma kai su Rano, to yaya mai sayar da ciyawa da maɗinkin kayan doki da mai abinci a bakin fada suka ga wannan sauyi? Wanda aka naɗa masa rawani ya yanka sa ya tara dangi, me ya faɗa wa matarsa ranar da aka ce masarautar babu ita? Maroƙin da ya haddace kirarin wani sarki, kwana nawa ya ɗauka kafin harshensa ya saba da na wani? Ɗan jarida ba shi da filin waɗannan tambayoyi. Aikin marubucin labari ne, kuma cikin abin da ya zo hannunmu ba mu ga wanda ya ɗauka ba.

Ko an ajiye maganar sarauta gefe, irin wannan gari yana da wani abu da birni da ƙauye ba su da shi, kuma girmansa ne ya jawo. A ƙaramin ƙauye kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, idan matsala ta taso zumunci da dagaci sun isa. A birni kana iya shekara goma ba ka san sunan maƙwabcinka ba, idan ruwa ya yanke kowa ya kira mai kura. A gari irin Rano ka san mutum, ka san gidansu, ka san wanda ya haife shi, amma ba ɗan'uwanka ba ne, ba kuma za ka iya guje masa ba. Don haka dole a ƙirƙiro hanyar yarda da juna. Daga nan ake samun kwamitin masallaci, ƙungiyar ci gaban gari, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ta iyaye da malamai, 'yan sintiri, kulob ɗin ƙwallon unguwa, adashen mata, da majalisar dattawa a gindin bishiya wadda ba ta da rajista amma ɗan takara bai isa ya tsallake ta ba.

A ɗauki misali ɗaya. Taransifomar unguwa ta ƙone. An yi taro bayan sallar la'asar, an kafa kwamiti, an yanka wa kowane gida abin da zai bayar. Mai injin niƙa ya ce a rage masa, maƙwabta suka ce ai shi ya fi kowa shan wuta. Wani ɗan gari da ke aiki a Abuja ya yi alkawari a waya, daga nan wayarsa ta daina shiga. Kansila yana so a ce shi ya kawo gyaran. Ma'ajin kwamiti malamin firamare ne da kowa ya shaida da amana, sai ga matarsa a asibiti ana neman kuɗin tiyata, kuɗin jama'a kuma suna ƙarƙashin katifarsa. Ɗiyarsa kuwa ɗan shugaban kwamitin ne ke nemanta. Akwai soyayya a nan, akwai kuɗi, akwai kunya da tsoron Allah da siyasa, kuma ba a buƙaci jirgin sama ko ɗaya ba. Bambancinsa da labarin Maitama shi ne duk abin da mutum ɗaya ya aikata sai ya taɓa mutum ɗari.

Wanda ya fi kusantar wannan fili ba littafi ba ne, shirin talabijin ne. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ƙirƙiri matsakaicin gari, ya zuba masa mai unguwa da mai shayi da malamin tsangaya da 'yan gudun hijira da Kiristoci maƙwabtan Musulmi, ya bar su suna cuɗanya shekara da shekaru. Mutane sun riƙe Kamaye da Adama da Malam Nata'ala kamar 'yan unguwarsu. Abin lura ne cewa Ɗan'azumi Baba, wanda ya fito a Kamaye, marubucin littafi ne tun zamanin ƙungiyar Raina Kama. Karɓuwar shirin ta isa amsa ga mai cewa ba wanda zai kalli rayuwar irin wannan gari.

Duk da haka Daɗin Kowa yana da iyakarsa. Sau da yawa matsalolin garin suna zuwa ne ɗaya bayan ɗaya kamar darussan aji: yau shaye-shaye, gobe almajirci, jibi zaman lafiya tsakanin addinai. Garin ya fi kama da allon wayar da kai fiye da wuri mai tarihinsa. Ba ka jin tsohuwar gabar da ke tsakanin unguwa da unguwa, ko gidan da ya yi sarauta shekara ɗari da suka wuce har yanzu jikokinsa ba su haƙura ba. Garin gaske yana da irin wannan dogon tuni, kuma littafi ya fi kyamara iya ɗaukarsa.

Wasu al'ummomin sun gano haka tun tuni. Middlemarch na George Eliot, wanda ya fito a Ingila a 1871 zuwa 1872, labarin matsakaicin gari ne a jajibirin dokar gyaran zaɓe ta 1832. A Landan ake muhawarar dokar, amma marubuciyar ta tsaya a garin tana kallon rigimar wanda za a ba limancin asibiti da tsoron da manoma ke yi wa layin dogo. A Indiya R. K. Narayan ya ƙirƙiri garin Malgudi a 1935, ya ci gaba da komawa cikinsa littafi bayan littafi har masu karatu suka san titunansa. Babu ɗayansu da ya ga garin nasa ya yi ƙanƙanta.

Marubutanmu suna da uzuri biyu, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Na farko kasuwa. Matar da ta yini a wahala ta sayi data da ɗan abin da ya rage mata ba ta son a sake nuna mata layin rijiyar burtsatse, so take ta huta a falon wani attajiri. Wannan haƙƙinta ne, ba kuma cewa muke a daina rubuta irin waɗancan ba. Cewa muke kada su zama su kaɗai. Na biyu tsoro. A garin da kowa ya san kowa, idan ka rubuta azzalumin ciyaman ko ma'ajin da ya ci amana, kafin magariba an ce da wane kake. Wannan gaskiya ne, maganinsa kuma tsoho ne: a sauya wa garin suna, a gauraya mutanen, a bar duwatsun da kasuwar da yadda ake magana. Malgudi ma ba ya kan taswira.

Abin da ake asara idan aka ci gaba a haka ya wuce adabi. Yaron da ya tashi a Rurum ko Tarai, duk labarin da ya karanta yana gaya masa cewa rayuwa a wani wuri ake yin ta, nan inda yake zaman jira ne kawai. Idan ya girma aka kira shi taron ƙungiyar gari, zai ga ɓata lokaci ne, domin bai taɓa ganin an ɗauki mai rubuta bayanin taro ko mai bi gida-gida karɓar gudummawa a matsayin mutumin da ya cancanci labari ba. Kuma garin da ba a ba da labarinsa daga ciki, ba a jin sunansa a waje sai ranar da wani mugun abu ya faru.

Kwanan baya ƙanwar tamu ta kira mu a waya. Ta fi rabin awa tana ba mu labarin rikicin da ya tashi a kwamitin walimar saukar Islamiyyarsu: wadda aka ba ajiyar kuɗin anko, wadda ta ce ba za a sa 'yarta a layin baya ba saboda kakanta ne ya ba da filin makarantar, da yadda uwargidan liman ta sasanta su ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta kwaikwayi muryar kowa, muka yi ta dariya har katinta ya kusa ƙarewa. Muka ce mata to ga littafinki nan. Ta ce, “Kai Yaya, wannan ai gulma ce, ba labari ba.” Mun roƙe ta ta rubuta shafi uku kawai ta turo mana, ta ce za ta duba idan ta gama da na Maitama.