Hajar da aka hana yi wa talla

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san ciniki da baki ake yin sa. Tun daga bakin hanya dillali zai tare ka, ya riƙe maka hannun riga, ya rantse babu bijimin da ya kai nasa. To akwai sana'ar da aka toshe wa wannan hanya. Lauya mai zaman kansa yana biyan haya, yana zuba mai a mota, yana ciyar da iyali kamar kowane ɗan kasuwa, amma ba shi da damar kiran mai saye. Wanda ya buɗe ofis shi kaɗai, ya kuma cika shi da jama'a duk da wannan dabaibayi, ni a wurina gwani ne.

Ƙa'idojin aikin lauya na 2007, waɗanda aka sabunta a 2023, sun bar ƙofar talla a buɗe kaɗan. Lauya zai iya bayyana sunansa da karatunsa da inda ofishinsa yake. Ba zai ce ya fi wane iya aiki ba, ba zai yi tutiya da yawan shari'un da ya ci ba, ba zai ajiye ɗan kamasho a ƙofar ofishin 'yan sanda yana turo masa mutane ana ba shi la'ada ba. Ko allon da zai kafa a ƙofar ofis an ce ya zama madaidaici, ba mai ɗaukar ido ba. Kai, zuwa gidan mutum don karɓar aiki ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A Amurka abin ba haka yake ba: tun da Kotun Ƙolinsu ta halatta tallan lauyoyi a 1977, fuskokinsu suka cika allunan manyan tituna.

Kafin a kai ga kafa allon ofis akwai doguwar tafiya: shekara 5 a jami'a, shekara 1 a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, sannan a rantsar da mutum a shigar da sunansa cikin kundin Kotun Ƙoli. Mai wayo ba ya gaggawar cin gashin kansa. Yakan zauna ƙarƙashin babban lauya yana ɗaukar masa jaka, yana kallon yadda ake yi wa mai ba da shaida tambaya. Kabiru Tanimu Turaki sai da ya yi aiki a ofishin wani kafin ya buɗe nasa a Kano a 1989, daga baya ya zama babban lauya mai lambar SAN.

Ranar da sabon lauya ya buɗe ofis, ƙananan abubuwa ne za su fara gwada shi. Cikin kwana 30 zai sanar da reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA. Kuɗin izinin aiki na shekara ba ya wuce 31 ga Maris. Tun 2015 takardar da zai shigar kotu sai da hatiminsa. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa musu hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauyan. A babban ofis akwai mai duba irin wannan. Shi kuwa shi ne akawu, shi ne masinja, shi ne mai tsayuwa gaban alƙali.

Sai zaɓen wuri, kuma a nan ne basira take. Titin Zoo a Kano ya cika da ofisoshin lauyoyi, sabon shiga zai ɓace a cikinsu. Wudil kuwa, kusan kilomita 40 daga birni, tana da jami'a da makarantar horar da manyan 'yan sanda da kasuwar da ake juya dukiya mai yawa, ga garuruwa kewaye da ita: Achika, Darki, Utai, Indabo, Lajawa. Manomin Achika da aka ci masa iyakar gona ba ya son ya kashe yini da kuɗin mota don ya ga lauya a birni. Abin da ke kai shi kotu sananne ne: rabon gado, jinginar gona, bashin dabbobi, khul'i, belin yaron da aka kama. Mafi yawansu a kotun shari'ar Musulunci ake yin su, inda Turancin doka ba ya wadatarwa. Dole lauya ya san Tuhfatul Hukkam da Mukhtasar na Khalil, ya san wanda shaida ke kansa da wanda rantsuwa ke kansa, ya iya fitar da tumunin matar mamaci ba tare da inda-inda ba.

Ya kuma san gidan da ya shigo. A da lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali, sai bayan Tsarin Mulkin 1979 aka buɗe masa ƙofa. Har yau akwai dattijon da ke ganin lauya a matsayin mai mayar da ƙarya gaskiya. Babu allon da zai goge wannan zato, sai aiki.

Tallansa na farko takarda ce. Mutum biyu sun yi cinikin gona, ya rubuta musu yarjejeniya da ta faɗi iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen maƙwabta, da shaidu, da sa hannun mai unguwa da dagaci, ya karanta musu da Hausa kafin kowa ya dangwala yatsa. Ya tuna musu cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara. Takardar nan za ta shiga adaka ta yi shekaru. Ran da rigima ta tashi ta kashe ta, duk wanda ke wurin zai tambayi wa ya rubuta.

Na biyu ya fi wuya, domin kuɗi ne yake mayarwa da hannunsa. Dattijo ya zo yana huci, zai ƙwato filin da wani bare ya yi shekaru yana nomawa a kan idonsa. Lauya ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "Baba, a mazhabar Malikiyya akwai hauzi. Shekara 10 kana gani ba ka yi magana ba. In mun shiga kotu wahala za ka sha, gara a nemi sulhu." Ya rasa kuɗin shari'a, ga haya tana jiran sa. Amma dattijon zai ba da labarin a majalisa da wurin ɗaurin aure, kuma irin wannan labari ya fi katin ofis nisan tafiya.

Haka batun amana. Tun 1964 doka ta ce kuɗin mutanen da lauya yake wa aiki a asusu daban ake ajiye su. Diyya ko kuɗin gadon marayu ya shigo hannun lauya a watan da aljihunsa ya bushe, ya kira masu shi a ranar ya miƙa musu da rasit. Nasa kuɗin aikin kuwa ya faɗe shi tun farko a rubuce, in ta kama a raba biyan a jira kaka. Ba zai karya farashi don ƙwace aikin wani ba, domin dokar ladan lauyoyi ta 2023 ta yanka mafi ƙarancin abin da za a karɓa.

Rediyo da Facebook sun ƙara masa fili. Wayar da kai ba laifi ba ne, don haka yakan yi bayanin haƙƙin wanda aka kama, ko ya nuna cewa belin 'yan sanda kyauta ne, ba tare da ya ce a zo wurinsa ba. Masu sauraro su ke neman lambarsa.

Idan aiki ya fara yawa, wata matsalar ta taso. Safiya ɗaya ana jiran sa a Wudil, ana kuma jiran sa a babbar kotu da ke sakatariyar Audu Bako. Dole ya sami abokin aiki da zai tsaya masa a ɗaya, ya ba shi fayil tsaf da bayanin abin da zai roƙa, sannan ya buga wa mai ƙara waya tun da dare ya gaya masa wanda zai gani gobe, don kada mutumin ya taso daga Achika da asuba ya tarar da baƙuwar fuska.