Buharin Daji a cikin littafin Dokta Rufa'i

Ya kai mai karatu, ko kana El Alasan Mairairai, ko Mayahi, ko Tasawa, in dai kana sauraren rediyo ka ji sunan Buharin Daji. Sunansa na yanka Buhari Tsoho. Shi ne ya riƙe dajin Zamfara shekara da shekaru, har ya zama ba a kiwo ba a noma a wasu garuruwa sai da yardarsa. A shekara ta 2021 wani malamin tarihi na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Dokta Murtala Ahmad Rufa'i, ya fito da ɗan littafi da Turanci mai suna "I Am a Bandit", wato "Ni ɗan fashin daji ne". Wannan littafi za mu auna yau.

Abin yabo na fari shi ne malamin bai zauna ofis yana jiran labari ba. Ya shiga dajin da ƙafarsa, ya zauna da ƴan bindigar, ya tambaye su. Daga nan ya nuna mana mafarin abin: wajen 2011 Buhari da wani mai suna Kundu suka kafa taron da suka kira Ƙungiyar Gayu, mutanen gari kuwa suka ce ƙungiyar ɓarayin shanu. Kukansu shi ne an nome burtali, an cinye makiyaya, alƙali da ɗan sanda suna tatsar Bafillace in ya shiga hannunsu, ƴan sa-kai kuma suna kashe shi a kasuwa ba shari'a. Wannan kuka akwai gaskiya a ciki. Kai da kake zaune inda gona da garke suke gogayya kowace kaka, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Amma fa a nan nike da magana da littafin. Muryar mai bindiga ta fi ta kowa ƙara a cikinsa, tun daga sunan da aka ba shi. Wanda ya karanta da gaggawa sai ya tashi da zaton Buhari mai ƙwato wa makiyaya hakki ne da hanya ta ɓace masa. To, dubi yadda ya ƙare. A ƙarshen 2016 ya yi sulhu da gwamnatin Abdul'aziz Yari, aka karɓi makamai, aka yi murna. Ba a daɗe ba ya koma ruwa. A watan Maris na 2018 yaronsa Dogo Giɗe ya kashe shi, kuma abin da ya haɗa su shanu ne: mutanen Buhari sun kore garken surukin Dogo Giɗe, ya roƙa a mayar, aka ƙi. Ka ji mai kare makiyayi. Shanun Bafillace ɗan'uwansa ya sata har suka zama ajalinsa.

Tsofaffinmu sun san waƙoƙin marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi, mutumin ƙasar Kabi. Ɓarawon Gambu da dare yake fita, yana sanɗa, yana tsoron kare da mai gida, in an kama shi ya sha kulki. Buhari da rana tsaka yake zuwa, da babura bila adadin, ya aza wa gari tara kamar shi ne hakimi. Littafin ya gane wannan bambanci sarai, ya nuna sata ta zama sarauta, da manya da yara da rabon ganima. Wannan shi ne wurin da ya fi ƙarfi.

Lissafinsa kuwa sai a yi hattara. An ce ƙungiyoyi 120 ne, da bindigogi 60,000. Ɗauki alli ka raba, za ka samu 500 daidai ga kowace ƙungiya. Kirdado ne aka ninka, ba wanda ya bi sansani sansani yana ƙidaya. Jaridu dai sun ɗauka sun yayata kamar an ƙirga.

Gadon da Buhari ya bari ya fi rayuwarsa muni. Ranar da aka kai gawarsa Gusau mutane sun ce an huta. Ashe gayya ce ta watse, kowane yaro ya zama kacalla da dajinsa. Dogo Giɗe shi ne ya kwashi ɗaliban makarantar Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021. Halilu Sububu ya shahara da fataucin makamai da riƙe ramukan zinariya har sojan Nijeriya suka kashe shi a watan Satumba na 2024. Wutar kuma ta tsallako iyaka. A 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo jihar Maradi, aka sauke su wajen Gidan Rumji, satar mutane don kuɗin fansa ta shigo ƙauyukan Madarumfa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damuna. Tambayoyin da malamin ya yi a daji ba da Turanci ya yi su ba, sannan aka juye amsoshin zuwa Turanci don ƴan jami'a. Matar da aka kashe wa miji a Ɗansadau ba ta iya karanta shi, haka ɗan ci-ranin Mayahi da ke bin hanyar Jibiya. Ya kamata a mai da shi Hausa, a ƙara masa babi guda na bakin waɗanda aka kora daga gidajensu, a kawo shi azuzuwan yaƙi da jahilci.