Cuku da Wara: Yadda Ake Ɗaure Madara a Gida

Cuku madara ce da aka raba da ruwanta. Kusan kashi 87 cikin ɗari na madarar saniya ruwa ne, sauran kuwa maiƙo ne da sukari da wani sinadarin gina jiki da masana ke kira kazin. Aikin mai yin cuku shi ne ta sa wannan sinadari ya dunƙule, ya riƙe maiƙon, ya saki ruwan. Matan makiyaya na Afirka ta Yamma suna da hanyoyi biyu na yin haka, kuma yanayin ƙasa ne ya zaɓa wa kowa tasa.

A arewa, wajen Agadas da Abalak da Dakwaro, inda rana ke da ƙarfi, itacen girki kuma ke da wuya, matan Buzaye da na Fulani ba sa hura wuta. Abin ɗaurinsu daga cikin ɗan akuya ko ɗan tunkiya yake fitowa, wanda bai fara cin ciyawa ba. Akwai wani ɓangare na tumbinsa inda nonon da ya sha ke daskarewa. Shi ake cirewa a shanya, a riƙa jiƙa kaɗan ana ɗiga ruwansa a cikin madara tun da ɗuminta na tatsa. Idan ta kama, sai a ɗebo da ludayi a zuba a kan 'yar tabarmar tsinken ciyawa, a baje da hannu, ruwan ya tsiyaye, a shanya. Abin da ke fitowa falle ne siriri mai kusurwa huɗu, da zanen tabarmar a jikinsa. Busasshen yana yin watanni bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin matafiya. Ana cin sa da shayi, ko a daka shi da gero da dabino a dama. Tsohon cuku dai turmi ya fi haƙori dacewa da shi, kuma baƙon da ya ce sai ya gwada ƙarfinsa yakan ba masu gida abin dariya na kwana biyu.

Madarar raƙumi ba ta yarda da wannan dabara. Ko an zuba mata ɗaurin, sai ta yi ɓarɓashi ta ƙi haɗuwa, don haka cukun gargajiya na saniya ne ko na akuya.

A kudu, daga ƙasar Borgu da Paraku a Jamhuriyar Benin zuwa rugagen kewayen Ilori da arewacin Ghana, damshi ba ya barin abu ya bushe, sai aka koma ga wuta da tumfafiya. Ana ɗora madara a wuta marar ƙarfi, a daka ganye ko ɗanyen reshen tumfafiya, a dama da 'yar madara, a tace a zuba. Sinadarin da ke cikin farin ruwan tumfafiya ya fi aiki da zafi, saɓanin na tumbin ɗan akuya wanda zafi ke kashewa. Jim kaɗan madarar za ta tsinke, farin ya taso, ruwan ya koma tsanwa-tsanwa. Daga nan a ƙara wuta ya tafasa, a kwashe cikin ƙananan kwanduna ya tsane. Lita biyar ta madara takan ba da wajen kilo ɗaya. Yarabawa na kiran sa wara, a Benin da Ghana kuwa wagashi, inda ake soya shi a ɗora kan shinkafa da wake a zanguna. Wasu na rina bayansa ja da karan dafi. Ɗanyensa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku, sai dai a riƙa sake tafasa shi da gishiri.

Duka hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: babu awo. Babu ma'aunin zafi sai ɗan yatsa, babu sikeli sai ido. Ƙarfin tumfafiya na bambanta daga tsiro zuwa tsiro, kaurin madara ma na damina daban, na rani daban. Idan ɗaurin ya yi kaɗan, madarar ta ƙi kamawa. Idan ya yi yawa, warar ta yi ɗaci. Idan an yi gaggawar wuta, ta kama gindin tukunya ta yi ƙauri. Daga wannan rashin tabbas ne yawancin raha ke fitowa, domin da wuya a ji mai tukunya ta ɗora wa hannunta laifi. Saniyar ce ta ci wata ciyawa. Wata ce ta leƙo ta yaba ba ta ce tubarkalla ba. A gidan da ke da kishiya kuwa, ba a wahalar neman wanda ake zargi. Masu nazarin abinci za su ce yawanci madarar ce ta kwana ta fara tsami, ko ƙwaryar ba ta wanku ba, kuma tsofaffin mata sun san haka sarai, ga shi suna ƙona ƙwarya da shanya ta a rana kafin tatsa.

A kasuwa rahar na ɗaukar wata kama. Mai saye ya ce an yi wa madarar wanka a rafi, 'yar Fulani ta ce sai dai a tambayi saniyar, ita ce ta je shan ruwa. Zargin bai cika kama mai wara ba, tunda ruwan da ta ƙara zai tsiyaye ta kwando ya bar ta da asarar itace. Idan mai sayen Babarbare ne, cinikin ya zama fagen wasan da ke tsakaninsu da Fulani: ya kushe kayan tun daga launi har ɗanɗano, ya cinye ɗanɗanon, ya nemi gyara. Wannan wasan barkwanci na tsakanin ƙabilu a Nijar ne hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake tattali a 2014.

A biranen Hausa, wadda ta fi kowa cin ribar dabarar ita ce awara, alhali babu ɗigon nono a cikinta. Waken suya ake jiƙawa, a markaɗa, a tace, a tafasa, a ɗaure da ruwan tsami na kamu ko tsamiya ko alif, a matse cikin ƙyalle a ɗora dutse. Matakan kusan ɗaya ne da na wara, sai dai ita tsami ke ɗaure ta. Da an soya su an barbaɗa yaji, ido ba ya raba su. Sai an tauna ake gane cewa wara ta fi maiƙo da danƙo. Arhar waken ce ta sa awara ta mamaye bakin makarantu da tashoshin Kano da Zariya da Maradi, wara da cuku kuma suka zama tsarabar wanda ya dawo daga Ilori ko Agadas.