Sharhi a Kan Ƙa'idar Lissafin Takardun Lamuni: Misalin Bankin Silicon Valley

Ƙa'idar da hukumar FASB ta Amurka ta kafa cikin 1993 ta yarje wa banki ya rubuta takardun lamuni bisa kuɗin da ya saye su, muddin yana da niyya da ikon riƙe su har wa'adinsu ya cika. Aibinta shi ne, wannan iko a hannun masu ajiya yake, domin ran da suka nemi kuɗinsu, tilas a sayar.

Bankin Silicon Valley ya isa misali. A ƙarshen 2022, bayan kuɗin ruwa ya hau, darajar irin waɗannan takardu nasa ta ragu da kimanin dala miliyan dubu 15, kusan daidai da dukkan jarinsa. An ambaci asarar cikin bayanan rahoto, amma ba a cire ta daga jarin ba. Ran 9 ga Maris 2023 masu ajiya suka nemi dala miliyan dubu 42, kashegari aka rufe bankin.

Rahoton Michael Barr na Afrilu 2023 ya amsa cewa masu sa ido na Babban Bankin Amurka sun yi sanyin jiki. A ganinmu, wajibi ne hukuma ta riƙa neman hujjar ikon riƙewa kowace shekara, in babu kuwa ta tilasta a rubuta asarar.